"Mun Saba": Sabo da Wahala Ba Shi ne Haƙuri Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwana Musulmi na Damagaram.

Akwai kalmar da ta kama bakinmu har ba mu jin nauyinta, wato "mun saba". Idan zafin watan Afrilu ya tsananta, famfo ya ƙafe, mata da yara suka kwana a layi da jarkoki tun daga Birni har Zango, sai ka ji an ce, "Ai mu mun saba." Gaskiya ne ƙishin garin nan ba na yau ba ne, domin ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Amma tsufan wahala ba ya mayar da ita alheri.

Sabo a Hausa shi ne daɗewa da abu har ya daina ba ka mamaki ko tsoro. Kamar hannun manomi ne wanda ƙotar hauya ta sa ya yi kanta: zafin bai tafi ba, fatar ce ta daina ji. Wannan rahama ce ga jiki, domin da babu ita da ba wanda zai iya noma. Matsalar tana farawa ne ranar da kantar ta sauka a zuciya, kuma ba banza magabata suka ce sabo turken wawa ba. Ku lura kuma cewa tsakanin sabo da saɓo ƙugiyar harafi ɗaya ce kawai.

Haƙuri ibada ne, yana da niyya, yana da lada. A aya ta 155 da ta 156 ta Suratul Baƙara, Allah Ya ce zai jarrabe mu da wani abu na tsoro da yunwa da tawayar dukiya, sannan Ya yi bushara ga masu haƙuri, waɗanda idan masifa ta same su suke mayar da al'amari gare Shi. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce haƙuri yana wurin bugun farko ne, wato lokacin da ciwon yake ɗanye, tun kafin sabo ya zo. Annabi Ayuba (AS) ya daɗe cikin cuta, amma bai ce ya saba ba, ya kira Ubangijinsa ya ce cuta ta shafe shi. Wanda ya saba yakan daina addu'a, mai haƙuri kuwa ba ya sauke hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne idan muka faɗi kalmar a kan wani. Mai rijiya a gida ya ga ɗan ga-ruwa yana tura kura da tsakar rana, ko almajiri ba takalmi a kan yashi mai ƙuna, ya ce, "Su sun saba." Da wannan magana ya sauke wa kansa nauyin tausayi, alhali shi ba zai iya jure rabin yini na abin da suke ciki ba. Sa'adu ɗan Ubada (RA), da mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa. Sai ya haƙa rijiya, ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce.