Gajiya da gwiwa: kuskuren da ake maimaitawa a filayen wasan Katsina

Wanda duk ya saba tsayawa a gefen filin ƙwallo da la'asar a Katsina, ko a harabar filin wasa na Muhammadu Dikko ko a filayen unguwa, ya san yadda ake rufe atisaye. Sai yara sun yi liƙis, riguna sun jiƙe sharkaf, sannan koci ya jera duwatsu ko takalma ya ce a yi tsalle, a yi gudu ana kaucewa dama da hagu. A ganina wannan tsari yana jefa gwiwar 'yan wasa cikin haɗari, kuma haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata, waɗanda yanzu ake samunsu a ƙwallon hannu da ƙwallon raga da guje-guje a makarantunmu.

Idan Bahaushe ya ce gwiwarsa ta yi tauri, ciwo yake nufi. Amma masana motsa jiki suna da wani tauri da suke so gwiwa ta samu, wato ƙarfin da take da shi na ƙin gocewa a lokacin da nauyin jiki ya faɗo mata kwatsam. Jijiyoyi da tsoka ne ke samar da shi. A tsakiyar gwiwa akwai wata jijiya da ta gitta, wadda likitoci ke kira ACL, aikinta shi ne ta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar ƙashin cinya. Tsokar bayan cinya ce ke taya ta wannan aiki, domin tana ɗaurewa tun kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. To, idan gajiya ta shiga, ƙarfin tsokar yana raguwa, tana jinkirin amsa saƙon ƙwaƙwalwa, kuma ɗan wasa ba ya jin yadda gwiwarsa take zaune kamar yadda yake ji da farkon wasa. Nauyin da tsoka ta kasa ɗauka sai ya koma kan jijiya, ita kuwa iyakar ta miƙe kaɗan, daga nan sai tsinkewa.

Wannan yana samun maza da mata duka, sai dai ba daga wuri ɗaya suke farawa ba. Bincike ya daɗe da nuna cewa a wasannin tsalle da juyi mata sun fi maza tsinkewar wannan jijiya da ninki 2 zuwa 8, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na raunin yana faruwa ba tare da wani ya taɓa ɗan wasan ba. Gaɓoɓin mata sun fi sassauci, taurin da tsokarsu ke ba gwiwa bai kai na maza ba, kuma da yawansu idan suka diro gwiwa kan karkata ciki, su fi dogara da tsokar gaban cinya. Ke nan ɗan rarar kariyar da namiji ke da ita bayan ya gaji, mace ba lallai ta same ta ba. A 2023 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Ingila ta tafi Gasar Cin Kofin Duniya ba tare da kyaftin ɗinta Leah Williamson da Beth Mead ba, dukansu saboda wannan jijiya, alhali suna da likitoci da kayan aikin da yaranmu ba su da su.

Na ga abin da idona a wata makarantar 'yan mata. Ana dab da tashi, yarinya ta yi tsalle ta bugi ƙwallon raga, ta diro da ƙafa ɗaya, sai ta dafe gwiwa ta zube. Malamin ya ce, "Tashi, 'yata, targaɗe ne kawai." Kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum, aka kai ta wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori a kan karaya, amma jijiyar da ta tsinke a cikin gaɓa ja da matsa ba sa haɗa ta. Sai an yi hoto, sau da yawa sai tiyata, sannan jinyar da kan kai wata 9 zuwa shekara, kuma iyaye da dama sai sun dangana da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Wasu za su ce ai a cikin wasa ma da gajiya ake tsalle, don haka dole yaro ya saba. Akwai gaskiya a nan, amma sabon yana zuwa ne bayan an koya wa jiki dira daidai, gwiwa a lanƙwashe tana saitin yatsun ƙafa, kuma an gina tsokar bayan cinya da ta ƙugu. Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda aka fito da shi a 2006, minti 20 kacal yake ci, ba ya buƙatar wasu kaya, kuma an tabbatar yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya kamata malaman wasanni a Katsina da Daura su mayar da tsalle da juyi farkon atisaye, su riƙa canja 'yar wasan da suka ga gwiwarta ta fara karkata, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, lokacin da yaro kan gaji tun kafin a kai rabin wasa.