Katin asibiti ɗaya ba ya isar masu neman haihuwa

Shekara shida na yi ina zaryar asibitoci a Kano da Abuja wajen neman haihuwa kafin karatun maigidana ya kawo mu Manchesta ta ƙasar Ingila, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa ganin an rubuta sunansa a kan kati ba. Ni ce mai kati, ni ce mai bin layi, ni ake ɗibar wa jini, ni ake kwantarwa a yi wa hoton mahaifa, shi kuwa iyakarsa ya kawo ni, ya biya kuɗi, ya jira a mota. Sai da ya karanta wannan rubutu ya amince kafin na fitar da shi, domin maganar ta shafe shi kamar yadda ta shafe ni.

Ranar da na fara kai kukana wurin likitar unguwarmu a nan, tambayar da ta fara yi mini ita ce ina mijina, kuma ta ce ba za ta tura ni wurin ƙwararru ba sai an gwada mu duka biyu. Aka ba shi 'yar ƙaramar roba, aka ce ya ƙaurace wa shimfiɗa na kwana biyu zuwa bakwai, sannan ya kawo maniyyi a duba. Sakamako ya nuna ƙwayoyin sun yi ƙasa sosai da miliyan 16 a kowace mililita, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021. Aka sake gwajin bayan wata uku, domin kusan tsawon lokacin ke nan da jiki yake ɗauka kafin ya kammala haɗa sababbin ƙwayoyi, aka kuma samu abu guda. Gwajin babu allura, babu yanka, kuma kuɗinsa a gida bai kai na mafi yawan gwaje-gwajen da aka yi mini ba. Ni kuwa kafin wannan rana an yi mini hoton bututun ƙwai sau biyu, wanda duk macen da aka yi wa ta san zafinsa, an yi mini wankin ciki sau ɗaya, na kuma sha ƙwayar fitar da ƙwai ta Clomid fiye da shekara, alhali ƙa'idar da ake bi a nan ita ce kada a wuce wata shida ana shan ta.

Adalci ne in faɗa cewa wani likita a Kano ya taɓa taɓo maganar. Ya ce mini, cikin sanyin murya kamar mai roƙon alfarma, "Hajiya, da Alhaji zai samu lokaci ya zo, da mun duba shi shi ma." Na ce aiki ya yi masa yawa, ya ce to, ya rubuta mini wani maganin. Likitan nan ya sani, domin yana cikin karatunsa, cewa matsalar namiji tana da hannu a kusan rabin auren da aka rasa haihuwa. Abin da ya hana shi tsayawa a kan maganarsa shi ne abin da ya hana ni isar da saƙon: a wurinmu an haɗa ƙarfin namiji da iya haihuwa an mayar da su abu ɗaya, har ya zama cewa a gwada maigida tamkar zaginsa ne. Amma mutum yana iya kasancewa da cikakkiyar lafiya a shimfiɗa, maniyyinsa kuma babu isassun ƙwayoyi, ko babu ko ɗaya. Gwajin da al'ada ta tanadar wa namiji shi ne ƙarin aure. A kawo yarinya, ita ma ta shekara uku ko huɗu ana tambayarta "har yanzu shiru?", a bi ta da jiƙo da sassaƙe da magungunan sanyi, a ƙarshe a kira ta juya kamar uwargida, kuma har a kai nan ba a duba inda ya kamata a fara dubawa ba.

Bambanci na biyu tsakanin nan da gida ya fi yi mini ciwo a lokacin, amma shi na fi godewa yanzu. Da muka isa asibitin ƙwararru, likita ta ajiye takarda a gabanmu ta nuna mana lissafin nasarar dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki sannan a mayar cikin mahaifa. Matan da ba su kai shekara 35 ba, kusan ɗaya cikin uku ne ke haihuwa a kowane dashe. Daga 35 zuwa 37, kusan ɗaya cikin huɗu. Daga 40 zuwa 42, kusan ɗaya cikin goma. Ina da shekara 36 a ranar. Na yi kuka a hanyar komawa gida, domin na shiga ɗakin ina ganin dashen ciki shi ne ƙarshen wahala, sai na fito na san cewa rashin nasara ya fi nasara yawa. Na tuna wani asibiti mai zaman kansa a Abuja da muka taɓa zuwa tambayar kuɗin dashe, bangonsa cike da hotunan tagwaye da 'yan uku. Na tambayi likita, a cikin mata ɗari nawa ne ke samu, sai ya yi murmushi ya ce, "In sha Allahu, Hajiya, da tagwaye za ki fita." Ni musulma ce, na yi imani babu abin da ke faruwa sai da yardar Allah, amma faɗin in sha Allahu bai sauke wa likita nauyin faɗa wa majiyyaci abin da ya gani a aikinsa ba, musamman ga mutanen da ke shirin sayar da fili ko gwal na gado su kawo miliyoyin naira. Wanda ya san ƙila sai ya yi dashe sau biyu ko uku zai tsara dukiyarsa da zuciyarsa daban da wanda aka sa ya ɗauka sau ɗaya ya isa.

Ba wai likitocin Ingila sun fi namu tsoron Allah ba ne. Akwai hukuma a kansu, HFEA, wadda ta fara aiki a 1991, ita ke ba asibitocin dashe lasisi, ta riƙa zuwa tana duba su, ta kuma buga sakamakon kowane asibiti inda kowa zai iya karantawa. Ita ce ta matsa aka rage mayar da ƙwai da yawa a mahaifa lokaci guda, saboda cikin tagwaye da na 'yan uku yana jawo hawan jini ga uwa da haihuwar bakwaini. A gida kuwa 'yan uku ake tallar asibiti da su, a ƙasar da samun kwalbar saka jariri ɗaya kan gagari iyaye. Inda sa ido ya yi rauni kuma 'yan damfara ke shiga: a 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya nuna wani wuri a jihar Anambra da ake yi wa mata allurai cikinsu ya kumbura, a ce musu suna da cikin da na'ura ba ta gani, a ƙarshe a miƙa musu jariran da aka yi safararsu. Gori ne ya kora waɗannan mata har can.

Ƙwarewa kam muna da ita. An haifi jaririyar dashe ta farko a duniya, Louise Brown, a 1978 a garin Oldham, wanda ba shi da nisa da inda nake zaune, kuma cikin shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun riga sun fara wannan aiki a Legas. A 1998 aka haifi jaririyar dashe a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Abin da na rasa a gida ba na'ura ba ce. Ko takardun gwaje-gwajena ban samu na taho da su duka ba, domin katin yakan zauna a asibiti, kowane sabon likita kuma ya sa a fara daga farko, a sake biya. A nan duk wasiƙar da likita ya rubuta a kaina sai an aiko mini da kwafi.

Nan ɗin ma yana da nasa. Ana jira, kuma jira ga mai shekara 36 asara ce, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani ta ba da shawarar a yi wa matar da ba ta kai 40 ba dashe sau uku a kuɗin gwamnati, amma yankuna da dama na Ingila sau ɗaya suke biya, saura sai mutum ya nemi dubban fam. Da dashenmu na farko bai kama ba, a waya aka sanar da ni, cikin ladabi, a 'yan mintuna, aka ba ni lambar mai ba da shawara. Na ajiye wayar a gidan da babu kowa. Da a Kano ne, kafin la'asar gwaggo ta iso da kunu, an cika ɗaki da "Allah ya kawo rabo", kuma ko da bakin da ke yin addu'ar shi ne ke yin gori gobe, ranar na yi kewarsa. Haka kuma sai da muka yi wa likita bayani da kanmu lokacin da ta kawo maganar karɓar maniyyin wani, muka gaya mata cewa fatawar da ta fito daga Masar tun 1980 ta halatta dashe ne tsakanin miji da matarsa kaɗai, matuƙar igiyar aure tana nan. Ta rubuta, ba ta sake tayar da maganar ba. Likitan gida ba ya buƙatar wannan bayani. Ya san addininmu, ya san uwar miji, ya san abin da ya sa mace take rufe fuska a layin asibitin haihuwa.

Wannan sanin shi ne ya sa nake ganin likitocinmu ba su da uzuri, domin su ne suka fi kowa iya yi wa maigida magana da harshen da zai karɓa. Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi: kada a buɗe katin neman haihuwa sai da suna biyu, kuma kada a rubuta wa mace ƙwayar fitar da ƙwai sai an ga sakamakon mijinta. In doka ce ta asibiti, an ɗauke wa matar nauyin furta maganar da ka iya jawo mata saki. Malamai ma suna da rawa a ciki, domin ayar Suratush Shura da ta ce Allah yana sanya wanda ya so ya zama marar haihuwa ba ta ware mace ba, kuma mazan da ba za su saurari nas ba suna sauraron huɗuba.

Mu dai muna jiran dashe na biyu, akwai sauran ƙwai ɗaya da aka daskarar mana. Watan jiya 'yar ƙanwar mahaifiyata ta kira ni daga Kano, shekararta uku da aure, an rubuta mata irin ƙwayar da na sha. Na ce kada ta fara sai an gwada mijinta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ta ina zan fara gaya masa?" Maigidana yana zaune yana jinmu. Ya ce in karɓar masa lambar mijin, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, suka yi kusan awa ɗaya suna magana, kuma ya gaya masa sakamakon nasa gwajin ba tare da ya ɓoye komai ba. Ranar Litinin da ta biyo baya mijin ya je asibiti, aka buɗe masa kati.