Tsohon gaskit ba ya komawa inji

Jiya wani abokina ya turo mini hoton gaskit ɗin kan injin motarsa, wato faifan nan da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ya wanke shi tas da fetur, ya shimfiɗa a kan kwali, yana tambaya ko ya mayar da abinsa tunda babu inda ya tsage. Na ce kada ya soma. Ya ce ai ni dama ba na tausayin aljihun mutane.

Ni ma na taɓa yin wannan dabarar, shi ya sa bakina ya yi kauri a kanta. Na sauke tof silinda, wato kan inji, a gida don in canza bawul ɗaya da ya ƙone, na ga gaskit lafiya lau a ido, na shafa masa gam na mayar. Mota ta tashi bugu ɗaya, har ina yaba wa kaina. Ba a yi sati biyu ba ruwan lagireto ya fara raguwa alhali ko ɗigo babu a ƙasa. Da safe sai farin hayaƙi daga salansa. Ranar da na buɗe murfin baƙin mai na ga ya koma fari-fari mai yauƙi, jikina ya yi sanyi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ido ba ya auna gaskit. Abu uku yake raba wa faɗa tsakanin bulok, wato gangar jikin inji, da kan inji: wutar da ke tashi a silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai, kuma wani wurin tazarar da ke tsakaninsu 'yan milimita ne kawai. An ƙera shi ne don ya lotsa. Idan aka ɗaure notuna, zoben ƙarfen da ya kewaye bakin kowace silinda zai danne ya cike duk wani ɗan lungu da ke fuskar ƙarfen. Wannan lotsawar sau ɗaya take yiwuwa. Ka kwance, ba zai taso ya koma yadda yake ba, kuma ba za ka sake zaunar da shi daidai kan sawunsa na farko ba ko da kai ne sarkin haƙuri. Na motocin zamani, mai falle-fallen ƙarfe, yana da ɗan tudu da aka matsa a jikinsa da wani siririn shafi mai kama da roba. Inji na yin zafi shafin zai manne, kana ɗaga kai rabinsa zai bi bulok. Ga shi kan inji na alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na bulok ɗin baƙin ƙarfe, don haka kullum gaskit cikin goga yake. Gam ba ya tare wutar silinda, wannan na koya da kuɗina.

Masu musu suna da 'yar hujja, ba zan hana su ba. Gaskit na tsantsar jan ƙarfe, irin na wasu tsofaffin babura, akan gasa shi ya yi ja ya yi laushi a sake sa shi. Amma nawa ne cikinmu ke da irinsa? Akwai kuma wanda ya ɗaure sabo, bai tada inji ba, ya tuna ya manta wani abu ya kwance. Wasu kan mayar su dace. Ni dai ba zan yi ba, don ya riga ya lotsa.

Kuma wanda ke ƙyashin sayen gaskit, ina zai yarda ya sayi notuna? A motoci da yawa yanzu notunan kan inji masu miƙewa ne, waɗanda littafin mota zai ce a ɗaure zuwa awo kaza sannan a ƙara juyi digiri 90. Sun miƙe ke nan, ba a sake amfani da su. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye. A busar da ramukansu, don ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana iya tsaga bulok. Idan motar ta taɓa yin zafi sosai, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan injin a auna, domin a injuna da yawa karkacewar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wato kaurin gashin kai. Ta wuce haka, ko sabon gaskit ba zai riƙe ba sai an kai kan injin an goge.

Tsohon yana da amfani guda: ka ɗora shi kan sabon ka ga ko ramukan ruwa da na mai sun yi daidai. A wasu injunan dizal ma, 'yan hudojin da ke gefensa su ke nuna kaurin da za ka saya.

Nawa yana nan rataye a ƙusa. Sai da na sake sauke komai, taimin da duk wayoyin, na zubar da sabon mai, kafin na ga inda ya huje tsakanin silinda ta biyu da ramin ruwa. Wurin bai kai faɗin farce ba. Hotonsa na tura wa abokin nawa, har yanzu bai ba ni amsa ba.