Ku Rage Daɗewa a Ƙarƙashin Shawa

'Yan'uwa matasa, wankan da ya wuce minti biyar, yawancinsa tsayuwa ce kawai. Jiki ya riga ya fita, mutum na tsaye yana saƙa da warwara, ruwa kuwa sai kwarara yake yi.

Ku fara sanin abin da kuke zubarwa. Ku tara bokiti a ƙarƙashin shawa, ku buɗe ta yadda kuka saba, ku ƙirga daƙiƙa 15. Ku auna ruwan da gorar lita ɗaya, ku ninka sau huɗu, abin da take zubarwa a minti guda ke nan. A Amurka, tun 1994 doka ta hana sabon kan shawa ya wuce lita 9.5 a minti, amma tsofaffi kan kai lita 15 ko fiye. Ko da 9.5 ɗin ne, wankan minti goma ya cinye lita 95. A mayar da shi biyar, lita 47 sun tsira kullum, a shekara sun haura 17,000 ga mutum ɗaya. In ruwan na hita ne, ɗumama lita 47 ɗin da digiri 25 yana cin fiye da yunit ɗaya na lantarki.

Yadda ake yi ba wuya. A jiƙa jiki cikin daƙiƙa 30, a rufe. Wanke kai, sabulu da cuɗa da soso duk a yi su ruwa na rufe, don a nan ne ainihin ɓarnar take: ruwa na zuba, yana ma wanke sabulun tun bai yi aikinsa ba. Sannan a buɗe, a ɗauraye daga kai zuwa ƙafa, saboda kumfa ƙasa take gangarowa, wanda ya fara daga ƙasa sai ya maimaita. Kada a cika sabulu, yawan kumfa yawan ɗauraya ne. Goge baki da aski kuwa ba aikin shawa ba ne sam.

Abubuwan da ke karya wa mutane gwiwa sanannu ne. Mai famfo biyu, na zafi da na sanyi, ba ya son rufewa don kada ya sake fama da daidaita su. Maganinsa ɗan makunni da ake ɗaurawa a bayan kan shawa, yana tsayar da ruwa ba tare da an taɓa famfunan ba. Sai dai a gwada da hannu in an sake buɗewa, ruwan farko yakan zo da zafi ko sanyi. Ruwan sanyin da ke fita kafin na zafi ya iso, a tara shi a bokiti don kora ban-ɗaki. Idan kuma farin datti ya toshe hujojin kan shawa, ruwa zai rage ƙarfi, ɗauraya ta ja lokaci. A kwance shi a jiƙa cikin ruwan khal na 'yan sa'o'i, a goge da tsohon burushi.

Kada wanda ya saba da minti goma sha biyar ya ce gobe zai koma uku, ba zai ɗore ba. Ya saita ƙararrawar waya, ya ajiye ta inda sai ya fito zai kashe ta, ya riƙa rage minti ɗaya duk mako har ya sauka kan biyar.