Ni Dai Na Ɗauka Hanyar Gangara Ce

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Wata Juma'a ce da la'asar a Mai Wurno, garinmu a ƙasar Sudan, shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, lokacin da mutum zai iya kama titin Kartum ba ya fargabar komai sai direbobin bas. Muna zaune a ƙofar gidan Gwaggo ana shan jabana, wato kofinmu na Sudan, sai ga ɗan yayata da takarda a hannu. Ɗalibin likitanci ne a jami'ar Jazira da ke Madani, kuma tun da ya fara karatun nan ba ya iya ganin mutum ya zuba sukari cokali uku bai yi masa wa'azi ba. Ya ce shi da abokansa za su hau keke daga nan har Kartum, kilomita wajen 300 cikin kwana uku, don tara kuɗin binciken ciwon daji. Kowane mahayi zai nemi masu yi masa alƙawari, duk kilomitan da ya taka a ba da kaza.

Na ce, cikin fatar baki kawai, "Kilomita 300 ɗin me? Muna samari da keke muke zuwa Sinnar mu dawo kafin shayi ya huce."

Taubashina na gefe, ɗan Gwaggo, wanda tun muna yara yake kirana bawansa ina kiransa bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Ya yi dariya har jabana ta zubo masa a jallabiya. Ya nuna tumbina da ɗan yatsa ya ce, "Yaro, rubuta. Jine 100 duk kilomitan da keken bawana ya yi. Keken fa na ce, don shi kam na san ba zai yi ba. Abin da zan biya ba zai kai kuɗin agashe tsinke biyu ba." Yaron ya rubuta kamar yadda aka faɗa masa, taubashina ya sa hannu, kowa ya shaida.

Da Gwaggo ba ta wurin, da na ce wasa nake yi. To tana wurin, a kan tabarmarta, tana jan carbi. Ita ce shekara biyu kafin nan aka cire wa nono ɗaya, ita ce duk bayan mako uku take hawa bas zuwa cibiyar ciwon daji ta Madani a ɗaura mata ƙarin ruwan nan da muke kira kimawi, ta dawo gida ta kwana uku ko ruwa ba ya zama a cikinta, gashinta ya zube tas, ba wanda ya taɓa jin ta ce wash a gaban mutane. Ta dube ni ta ce, "Kakanninka da ƙafa suka zo nan daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi, da mata da yara da tsofaffi. Kai an ba ka ƙafa biyu da taya biyu." Yaƙin Burmi a 1903 aka yi shi, amma a bakin Gwaggo kamar shekaranjiya ne, kuma duk wanda ya yi ragwanta a gidanmu da shi ake dukansa.

Da na koma gida na yi lissafina, hankalina ya kwanta. Kogin Nilu da ya bi ta gefen garinmu daga Habasha ya taso, Kartum ya nufa. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Ke nan daga nan zuwa Kartum gangara ce zalla, abin da nake buƙata birki mai kyau ne kawai. Na faɗa wa uwargida wannan hikima, ta ce, "Malam, Allah Ya sa ka dawo da ƙafafunka," ta ci gaba da yin kisrarta, wainar dawan nan mai faɗi.

Keken marigayi Baba na jawo daga ɗakin shirgi, baƙin Phoenix mai kariya a baya, wanda ya ɗauki buhunan albasa shekara da shekaru bai taɓa ƙorafi ba. Mai faci ya sa masa sabon tifo, ya zuba wa sarƙa baƙin mai, ya buga ƙararrawar sau biyu ya ce ya kai Makka ma. Atisaye na yi na kwana biyu, zagaye kasuwa sau ɗaya kullum. Ɗan yayata ya kawo mini wani matsattsen wando mai soso a mazauni, ya ce, "Kawu, ka sa wannan, za ka gode mini." Na ɗaga wandon sama na dube shi. Ni da 'ya'ya shida, mai shago a bakin kasuwa, in bi ta gaban surukaina da wannan? Na ce ya mayar wa mai shi.

Mun tashi bayan sallar asuba, mu goma sha huɗu, da wata boksi, motar a-kori-kura, tana biye da mu da jarkokin ruwa. Su duk da hular kwano da kekuna marasa nauyi kamar kara. Ni da jallabiya fara sol, da wandon sirwal mai faɗi, da takalmin markub, da rawani. Har Sinnar lafiya lau, ina ta buga ƙararrawa ina ɗaga wa mutane hannu. Na ma tsaya yi wa yaran bayanin madatsar ruwan da Turawan Ingila suka kammala a 1925 don shayar da gonakin audugar Jazira, kamar ni na haɗa musu siminti.

Da muka miƙe arewa sai lissafina ya watse. Ƙasar Jazira a shimfiɗe take kamar faifai, in akwai gangara to sai dai kogin ne ya san inda take. Sannan yaran sun zaɓi lokacin sanyi don gudun zafin rana, ba wanda ya tuna mini cewa a lokacin sanyi iskar ƙasar nan daga arewa take busowa, mu kuwa arewa muka dosa. Jallabiyata ta cika da iska ta kumbura kamar tantin biki. Ina taka feda gaba, riga na ja na baya zuwa Mai Wurno. Wajen Wad al-Haddad wani dattijo a kan karo, jakinsa ko sauri ba ya yi, ya zo ya jera da ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ya zol, lafiya? In sayar da keken za ka yi, hau in kai ka kasuwa." Ya wuce ni. Na bi ƙurar jakin da ido har ta ɓace.

A Haj Abdallah na faɗa kan bencin wata mai shayi, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Yaran sun daɗe da yin fatur, wato karin kumallo, sun yi gaba. Ta zuba mini shayi da na'a-na'a, ta tambayi inda na nufa a haka. Na yi mata bayani dalla-dalla yadda ɗan yayata ya koya mini: cewa sankarar mama ita ce ta fi kama mata a Sudan, cewa da yawa ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci jiki, cewa likitoci na son su rubuta wa ya kamu, yana shekara nawa, daga wane gari, me ya tsayar da shi a gida, kuma gwajin ƙwayar ciwon a ɗakin bincike yana cin kuɗi. Ta saurara tana fifita gawayi. Da na gama ta ce, "To ya Hajji, tun da masu kuɗin na da kuɗin, me zai hana su miƙa wa asibitin, kai kuma ka hau bas?"

Wallahi na buɗe baki na rufe. Kilomita kusan 70 na taka ban yi wa kaina wannan tambayar ba. Daga ƙarshe na ce mata akwai wani taubashina da ba ya fitar da kuɗi sai ya ga na sha wuya. Ta ce to wannan ta gane. Ta ƙi karɓar kuɗin shayi, ta kwance bakin tobinta, mayafin da ta lulluɓa, ta ƙirgo wasu tsofaffin takardun jine masu ƙamshin hayaƙi, ta ce in haɗa, ƙanwarta ma wannan ciwon ne ya ɗauke ta.

Ban shiga Madani ba sai bayan isha'i. Ƙafafu ba su ne matsalar ba. Sirdin keken Baba fata ce da ta shekara talatin tana bushewa, kuma tun daga azahar muka fara rashin jituwa da shi. Da na zo sallah, tsayuwa lafiya, ruku'u lafiya, zaman tahiya kuwa sai da na yi dabara. Cikin dare na lallaɓa wurin ɗan yayata na ce, "Wandon nan, ka mayar ne?" Bai ce komai ba, ya miƙo mini. Na sa shi a ƙarƙashin sirwal, na ce in labarin ya kai gida na cire shi daga cikin masu gadona.

Da safe muka bi ta gaban cibiyar. Mutane ne zaune a inuwa da tabarmi da fulas ɗin shayi, wasu daga Gadarif, wasu daga Damazin, wasu daga nesa fiye da haka, kowa da jakar ledarsa ta takardun gwaji. Shekaru da yawa duk mai wannan ciwo a ƙasar nan sai ya dangana da asibitin Zarra na Kartum, wanda aka buɗe tun 1967, kafin a samu ta Madani. Na tuna sau nawa Gwaggo ta zauna a wannan inuwar, ni kuma sau ɗaya tak na rako ta, ranar ma na yi ta mita a kan zafin bas. Na hau keke ban ce uffan ba, na ɗan lokaci dai.

Titin Madani zuwa Kartum kusan kilomita 190 ne, siriri, kuma ba a banza mutane ke kiransa titin mutuwa ba. Duk bas ɗin da ta wuce sai iskarta ta jefa ni gefen kwalta, inda ƙaya ke jira. Faci biyu na yi kafin azahar. Kusa da Hasahisa na ratse bakin wata tur'a, hanyar ruwan ban-ruwa, in wanke fuska, ashe karnukan wata gona na hutawa a wurin. Su uku ne. Abin da ya faru daga nan yaran boksi ne suka ba ni labari, sun ce ba su taɓa ganin Phoenix ya yi irin wannan gudu ba, har na wuce biyu daga cikin masu hular kwano ina salati da ƙarfi. Ana cikin haka sarƙa ta cafke ƙafar sirwal ta yage shi tun daga idon sawu har ƙugu. Na tsaya a tsakiyar jama'a, rawani a wuya, markub ɗaya a ƙafa, wandon soso a fili kowa na gani.

Daga nan jijiyar cinyata ta ɗaure tam, kamar an saka mata kwaɗo. Ɗan yayata ya matsa, ya ba ni ruwan gishiri da sukari, ya ce, "Kawu, shiga mota." Na ce ba zan shiga ba. Na shiga. Aka ɗora ni da keken a bayan boksi tsakanin jarkoki, na ce minti biyar kawai zan huta. Ban farka ba sai a Kamlin. Kafin nan wani ɗan albarka ya ɗauki hotona baki buɗe, na rungume tayar gaba, ya tura a WhatsApp na dangi. Taubashina ya kira sau bakwai. Na takwas na ɗauka, bai ce komai ba, dariya kawai yake yi har katinsa ya ƙare.

Wannan dariyar ce ta kai ni Kartum, ba zan yi wa Allah ƙarya in ce tsabar niyyar alheri ce ba. Rana ta uku na ɗaure jallabiya a ƙugu, na ɗaura matashin kai a kan sirdi da igiyar roba, duk fedar da na taka ina cewa a raina ga jine ɗaya ta fita daga aljihun bawana. Masid ta wuce, Bagair da masana'antunta suka wuce, Soba ta wuce. Na iso na ƙarshe, awa biyu bayan kowa, har masu tarbar sun fara naɗe tabarmi. Komawa gida a bas na yi, a tsaye tun daga tasha har Sinnar, ga kujera na biya kuɗinta. Wani yaro ya yi ta yaba mini da cewa dattijon nan akwai tawali'u.

Shari'a aka yi a ƙofar gidan Gwaggo. Taubashina ya zo da hoton a waya da lissafinsa: a cire duk abin da na yi a bayan mota, a cire gudun karnuka don ba da son raina na yi ba, a cire na Wad al-Haddad don jaki ya fi ni. Gwaggo ta sa aka karanto takardar. Ɗan yayata ya karanta: "Duk kilomitan da keken bawana ya yi."

Ta ce, "Keken ya je Kartum ko bai je ba?"

Ya ce, "Inna, ai a mota..."

Ta ce, "Ni ma a mota nake zuwa Madani, ka taɓa jin an ce ban je ba? Ƙirgo."

Jine 30,000 ya ƙirga, a lokacin da jine, kuɗin Sudan, ke da sauran mutunci, yana ƙirgawa yana tsaki. Na ɗora takardun mai shayi a kai, ɗan yayata ya rubuta rasit. Gwaggo ta tura mini kujera 'yar tsugunno ta ce in zauna a ba ni jabana. Na ce na gode, Gwaggo, nan ma ya yi. Ta ɗan dube ni, sannan ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a ɗauko matashin nan mai laushi da take tafiya da shi asibiti.