Yadda kalmar "Alhaji" ta cinye min albashi a Kwari

Jama'a ni dai har yanzu abin nan na ci na. Ranar 27 ga azumi na shiga Kantin Kwari da lissafin dubu 18, yadi biyar na mai sauƙi zan yanka in kai wa tela shikenan, har sai da na rantse wa uwargida ko kallon shadda ba zan yi ba.

Ina shiga layi wani yaro ya tare ni, "Alhaji ranka ya daɗe shigo daga ciki." Ni da ko Legas ban taɓa takawa ba balle Makka. Kafin in ce uffan an jawo min kujera an juyo fanka kaina. Na nuna yadin da ya kawo ni, mai shagon ya yi wani murmushi ya ce haba Alhaji wannan ai na 'yan makaranta ne, ba ajinka ba ne. Ya sauko da Getzner ya shimfiɗa min a cinya, ya faɗi kuɗinta sai da na ji ƙishirwar azumin ta ƙaru, sannan ya zaro wata ya ce to ga ƙanwarta dubu 60 kawai. Kun ga makircin? Da ita ya fara kawowa da tuni na ɗauki takalmina, amma bayan na ji kuɗin waccan sai 60 ta koma min kamar sadaka. Ya ƙara da cewa yadi biyar ɗin nan ne ya rage, wani ma ya ce a ajiye masa.

Duk da haka wallahi na fara miƙewa. Sai sallama. Kawun uwargida. Eh shi ɗin dai, wanda lokacin neman aure ya ce malamin firamare da me zai riƙe musu 'ya. Na durƙusa na gaishe shi, ya kalli shaddar da ke hannuna ya ce "A'a Malam, abin ya kai haka?" Ban san lokacin da bakina ya ce a yanka ba. Ko tayawa ban yi ba, ni da nake rigima da mai kayan miya kan naira 50.

Almakashi ya yi aikinsa, aka kira yaron POS. Ya saka kati, ya ɗaga na'urar sama kamar mai duban wata, ya ce da ƙarfi "Alhaji insufishen!" Na ce netwok ne sake gwadawa. Ya sake. "A'a Alhaji netwok lafiya lau, kuɗin ne babu." Shago ya yi tsit, fankar ma aka juyar da ita wajen Kawu. Na ce cire 40, ya ce babu. Cire 30. Nan ta wuce, sai ɗan banzan ya ce "Alhamdulillahi" har da tafi.

Yaron nan fa bai fi shekara 15 ba, kuma na gane shi, na koyar da yayansa. Wa ya aike shi shela? Ba zai iya raɗa min a kunne ba? Kuma a haka ya tsaya sai da ya karɓi cajinsa har na gwajin da bai wuce ba wai kuɗin takarda.

Kawu ya zura hannu a aljihu ya ƙirga 30 ɗin a hankali, ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, ya ce "Ba komai Malam, in an yi albashi." Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Tela kuma ya ce ya rufe karɓar ɗinki tun 15 ga azumi. Ta bara na saka na je idi. Shaddar tana nan cikin leda a saman wardirof.