Hanci ya warware, cinyoyi ba su ji labari ba

Tun da likita ya ƙare wa tumbina kallo ya ce in fara motsa jiki, na shiga sahun masu sassarfar safiyar Asabar a unguwarmu. A cikinmu akwai wanda ba ya rabo da wata 'yar kwalba. Da an tsaya sai ya ɗiga a hankici, ya shaƙa, ya miƙe garau. Ya ce man na'a-na'a ne, wanda ake tatsowa daga ganyen ta hanyar tururi, wai yana kwashe gajiya tas. Na saya. Kwalbar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ta cinye kuɗin cefane.

Ɗigo biyu ya ce. To, mutumin da ya shigo gida yana dafa bango, me ɗigo biyu zai yi masa? Na sa uwargida ta tafasa ruwa, na tuttula rabin kwalba a roba, na lulluɓa da bargo, sirace sosai irin wanda kakata ke yi mana da ganyen darbejiya.

Shaƙar farko wani sanyi ya shiga ta hanci ya ɓulla ta ƙeya. Idanu suka ɗauki raɗaɗi kamar an watsa min yaji. Hawaye, majina, atishawa, duk a lokaci guda. Na yi jifa da bargon, na yi ƙwallo da robar, na fito tsakar gida ido rufe ina lalube.

"Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

Ban iya amsawa ba. Ta katanga kuma maƙwabciya na tambayar ko mun fara sana'ar minti ne.

Da asuba hancina ya buɗe, har ƙosan bakin layi nake jiyowa. Cinyoyi kuwa suka ce ba da su aka yi ba. Ruku'u da ƙyar, zaman tahiya sai da na ƙara istigfari.

'Yar yayata, mai karatun haɗa magunguna, ta zo gaishe ni, ta sha dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kawu, mentol ne, irin na cikin man zafi. Jijiyoyin da ke jin sanyi yake taɓawa, sai ka ji kamar iska ta ƙaru, alhali hanyar na nan yadda take." Ƙamshin, in ji ta, yana iya kwantar da hankali mutum ya ji daɗi. Amma tsamin jiki daga ƙananan raunuka yake zuwa a tsokar da ba ta saba aiki ba, kuma yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. Abin da tsoka ke so shi ne barci, ruwa, ƙwai ko wake, da ɗan tattaki.

Awa 72! Ni da ko 24 ban cika ba.

Ta ce in taka zuwa bakin titi don jini ya zaga. Na ce ta fara kiran yara biyu su ɗaga ni daga tabarma tukuna.